Tuwon Kasuwa Da Wadda Ta Tuƙa Shi

Yau zancen ci za mu yi, amma kada ka ɗauka girki zan koya wa wani, ni kaina sai na yi da gaske tuwona yake fita babu gudaji. Wata tambaya ce ta tsaya mini a maƙoshi tun farkon shekarar 2023, na yi juyin duniyar nan ta ƙi wucewa, shi ne na ce bari in zube ta a takarda ko Allah zai sa in samu mai taya ni.

Kowa dai bai manta halin da aka shiga ba lokacin canjin kuɗi. An sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, aka ce tsofaffin za su daina aiki a ƙarshen Janairu, daga baya aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuwa sai dai ka ji labarinsu a rediyo. Mutum da kuɗinsa danƙare a banki amma ya kwana bai ɗora tukunya ba. To a cikin wannan rububin ne na ɗauki ƙafa na tafi kasuwar Maigatari. 'Yan kuɗin littattafaina ne suka ɗan taru, Hajiyarmu ta ce in ban zuba su a dabba ba to a anko da gudummawar biki za su ƙare, gara in sayi raguna biyu in yi turka kafin Babbar Sallah. Aka ce mana dillalan can sun fara yarda da tiransifa tunda babu yadda za su yi. Aka haɗa ni da autanmu, muka bar Kano bayan asuba wata Alhamis cikin Fabrairu, ana zuga sanyi da hazo, cikina ba komai sai ruwan shayi. Tsabar kuɗin da muka iya haɗawa na mota ne zuwa da dawowa, na ƙulle su a bakin zane ko kallonsu ba na so a yi.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Maigatari gari ne a ƙasar Gumel cikin Jihar Jigawa, yana daf da iyakarmu da Nijar. Sauran kwanakin mako gari ne kamar kowane, amma ranar Alhamis sai ka rantse duniya ce ta taru. Shanu da raƙuma da dawaki da jakuna da tumaki, Fulani da Buzaye da Barebari, mutanen Damagaram da na Magarya, ga 'yan kudu sun jera tireloli suna lodin shanu, ga masu canjin sefa, ga buhunan zoɓo da riɗi da dabino da kanwa. Ƙura kuwa ba a magana. Muka shiga kara muka yi ciniki, ciniki ya faɗa tun hantsi, amma kafin kuɗi su bar asusuna su shiga na dillali sai da aka kira azahar, don sabis ɗin sai ya leƙo ya koma. A nan fa hanjina ya fara kiran ciroma. Tun ina daurewa har na fara ganin raƙumi ɗaya ya zama biyu.

Abinci kam akwai shi, kasuwar ƙauye ba a rasa abin kai wa baka. Daga bakin tasha ga teburin mai shayi da burodi jibge, yana soya ƙwai da Indomie, samari sun zagaye shi a benci ana musun ƙwallo. Gaba kaɗan ga tukubar mai tsire, hayaƙi na tashi, kusa da shi mai balangu yana yayyankawa a takardar buhun siminti, dillalai da manyan riguna sun tsugunna suna kashe la'adar da suka samu tun ba ta huce ba. A gindin wata bishiya matan Fulani sun jera ƙore fes-fes, suna dama fura da nono. Buzaye su ba ruwansu da kowa, sun kafa ɗan murhunsu na waya da 'yar butarsu suna dafa shayin nan mai kauri a inuwar raƙumi. Sai 'yan mata 'yan talla da suke ratsawa ko'ina da farantai a ka, ɗanwake, awara, dambu, kwaɗon zogale, rogo da ƙuli, garau-garau. Wata tsohuwa na gaban tanda tana juya waina. Can wajen manyan motoci akwai rumfar wata Bayarabiya mai teba da sakwara. A ƙarshen layi kuma rumfunan 'yan tuwo-tuwo, an kewaye da zana, manyan tukwane a kan duwatsun murhu, almajirai sun yi cirko-cirko da robobinsu.

Na bi duk wannan da ido, sai wani abu ya faɗo mini wanda ban taɓa lura da shi ba. Kusan duk abincin nan hannun mace ne ya yi shi, in ka cire nama da shayi. Amma duk inda aka ajiye benci, namiji ne a kai. Ina mace za ta zauna ta ci? Auta ya ce, "Yaya, mu je wajen mai shayi mana." Na harare shi na ce, "Kai ma ka san ba zan ratsa ƙattin nan in zauna ina tauna ba."

Haka aka tashe mu. A gidanmu ko gyaɗa aka ga yarinya tana watsawa a baki a kan hanya sai ta sha ranƙwashi. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, in za ta yi tafiyar yini guda gara ta ƙulla ɗan ƙanzo da goro a lalitarta ta yi ta tsotsa a ɓoye cikin mayafi, da a ce an gan ta gaban mai abinci. Ita a wurinta ma sayar da tuwo shi kansa abin kunya ne. Takan ce tuwo ba haja ba ne, ba a sa masa kuɗi, baƙo in ya sauka a gari gidan mai unguwa ko na liman ake kai shi, a fito da akushi zaure, a yi ciyayya da shi. A Islamiyya kuma malamarmu ta taɓa gaya mana cewa malaman fiƙihu sun lissafa cin abinci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage muru'a, wato kamalar mutum, har wasu sukan duba shi wajen karɓar shaida. Wannan rabin na riƙe. Rabin da na bari ya zube shi ne abin da ta ƙara da shi, cewa abin yana bin al'adar wuri da halin mutum ne, ɗan kasuwar da nan ne wurin yininsa da matafiyin da yunwa ta kama ba su cikin wannan magana. Mu dai da ma in an ba mu hukunci da sauƙinsa, hukuncin muke ɗauka mu bar sauƙin a aji.

Yunwa dai a ba ki a huta. Da na ga jiri na neman kayar da ni a gaban jama'a, wanda ya fi cin tuwo zama abin kallo, sai na ja mayafi na rufe rabin fuska muka nufi rumfar ƙarshe, don ita ce ta fi nisa da idon mutane. Matar da na tarar za ta yi shekara hamsin, baƙa, kakkaura, ta ci ɗamara da tsohon gyale, idanunta sun yi ja saboda hayaƙi. Tana kwasar tuwo da mara tana jefawa a ruwa tana mulmulawa, bakinta na lissafi da wani direba, ƙafarta na tura itace cikin wuta, duk a lokaci guda. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya tak. Ban ce komai ba ta ce, "'Yar nan, zagayo ta baya. Ke, kawo wa baƙuwa buta."

Ashe a bayan zanar akwai wata duniyar. Tabarma ce shimfiɗe a ɗan lungu tsakanin rumfa da katangar wani shago, mata huɗu na zaune suna cin abinci hankali kwance. Wata Bafulatana da ta sayar da nononta, wata tsohuwa mai daddawa, wata mai goyo da ta zo daga wani ƙauye sayar da akuya, da wata 'yar Nijar da ko gaisuwarta sai da na kasa kunne kafin na gane. Babu allo, babu alama, amma duk macen da ke cin wannan kasuwa ta san da lungun nan. Ni 'yar birni mai sakandare, mai rubuta littafi a kan rayuwar mata, ni kaɗai ce ban sani ba. Aka matsa mini na zauna. Aka kawo tuwon dawa malmala biyu da miyar kuka, ta sha daddawa da man shanu, da ɗan ƙashi guda a tsakiya. Wallahi mai karatu na ci abinci a gidajen biki na masu hali, amma ban taɓa jin abin da ya ratsa ni irin wannan tuwo ba. Na san za ka ce yunwa ce, to na yarda, yunwar ce.

Da na gama na wanke hannu sai ido ya raina fata. Kuɗin tuwona da na Auta naira 600, ba mu da su sai a waya. Auta ya ce, "Inna, kawo lambar asusu in tura miki." Ta yi dariya ta ce ita ina ta ga asusu, sai dai na mai shagon nan na kusa, shi ke karɓar mata. Aka gwada na mai shago sau uku abu ya ƙi tafiya. Muka leƙa wurin mai POS, ya ce ko sisi babu, tun safe ya rufe. Na fara kwance bakin zane zan taɓa kuɗin mota, alhali na san in na taɓa su sai dai mu kwana a tasha mu da raguna. Ta hango ni ta ce, "A'a, mayar. Ku je abinku, duk ranar da Allah ya dawo da ku kwa ba ni. In bai dawo da ku ba kun ci rabonku." Ko sunana ba ta tambaya ba. Ta juya ta ci gaba da kwasar tuwonta, don wani ɗan kamasho na ta buga benci yana cewa a ƙaro miya.

To ga inda gizo yake saƙar. A cikin littafina na biyu akwai wata mata da na yi wa mugun hali, ta raina mijinta, ta kashe aurenta, ta bi ƙawayen banza. Da na zo ƙarshen labari ina neman hukuncin da zan yanke mata wanda zai sa masu karatu su ce Allah ya ƙara, na duba cuta na ga an cika yi, na duba hauka na ga ya yi yawa, sai na kai ta tashar wani ƙauye na zaunar da ita gaban tukunya tana tuwo-tuwo, direbobi na yi mata wasan banza. Nan na rufe littafi. Mata da yawa sun aiko mini da saƙo suna cewa ƙarshen ya yi daidai, ta ga sakayya. Lokacin da na rubuta wannan shafi ban taɓa taka ƙafata cikin rumfar tuwo ba. A bakin mutane na tsinci hoton, na ɗauka na ƙara masa gishiri na sayar. A motar dawowa, raguna na kuka a but, tuwon matar nan na cikina, shafin nan ya yi ta dawo mini layi-layi.

Tun daga ranar nake tambayar kaina, me ya sa wanda ya zauna a benci ya ci yake tashi da mutuncinsa cikakke, ita kuwa wadda ta tuƙa take kwana da sunan banza? Alhajin da ya sayi shanu tirela guda a rumfarta ya ci. Malamin da ya zo sayen ragon suna a nan ya ci, har ya yi mata addu'ar albarka. Amma a ce ɗan ɗayansu ya zo ya ce ya ga 'yar mai tuwo-tuwo yana so, sai ka ji gida ya ɗauki salati. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu mun ci ladan mun ci tuwon, askin ne muka ce hannunmu ba zai taɓa ba.

Na san abin da za a ce mini, don ni ma da bakina na sha faɗa. Za a ce ai ba tuwon ake ƙi ba, zaman ne. Mace ta zauna a bainar maza tun safe har dare, wannan ya ja ta da wasa wancan ya kira ta da wani suna, kuma an san wasu rumfunan da rana tuwo ake sayarwa da dare wani abin. Ba zan ce ƙarya ne ba. Akwai irin waɗannan a tashoshi, kowa ya sani, kuma sunan da ya ɓaci ba haka kawai ya ɓaci ba, ruwa ba ya tsami banza. Amma ko a nan ɗin, wa yake zuwa da daren? Aljanu ne? Mazan nan ne dai na benci, waɗanda gari na wayewa za su saɓa babbar riga su shiga sahun gaba. Kuma in don wasu sun ɓata za a yi wa sana'a duka kuɗin goro, to akwai dillalin da ke rantsuwa a kan ƙarya, akwai mai awon da ke danne mudu, ban ji an ce kada a auri 'yar dillali ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ma shi ne Bayarabiyar nan mai sakwara. Mazanmu na cika rumfarta, suna ce mata Mama, suna yaba ƙoƙarinta, har ka ji ana cewa matan kudu akwai neman na kai, da wannan tukunyar take biya wa 'ya'yanta makaranta. Aiki ɗaya, wuta ɗaya, hayaƙi ɗaya. Ita 'yar kasuwa ce, tamu kuwa bazawara ce mai zaman kanta. Ashe ke nan mun san sana'ar ba ta da aibi, tamu ce dai ba mu yarda ta yi ba.

Sai kuma 'yan tallan nan. Ka tsaya ka yi tunanin daga ina ɗanwaken yake fitowa. Daga gidajen mutunci yake fitowa, inda uwa ke cikin kulle ba a ganin ko ɗan yatsanta. Ita ta dafa, ta ɗora wa 'yarta mai shekara goma ko sha biyu a ka, ta ce kada ki dawo sai ya ƙare. Yarinyar ta ratsa kara, ta ratsa tasha, ta shiga tsakanin manyan motoci inda babbar mace ma sai ta yi shahada take shiga. Wannan uwa sunanta na nan fes, ana gaishe ta da girma a unguwa. Wadda kuwa ta ce a'a, ni da na mallaki hankalina ni zan fita in zauna, 'yata ta tsaya bayan zana inda idona ke kanta, ita ce 'yar iska. Ban faɗi wannan don in zagi matan kulle ba, uwata ma da kuɗin ƙosai da alala ta yi mana kayan ɗaki, ni kaina na ɗauki faranti kafin a sa ni makaranta. Na dai san abin da kunnena ya ji a lokacin, wanda har yau ban gaya wa Hajiyarmu ba. In mutuncin babba sai an biya shi da na yarinya, to a sake lissafi.

Maganar kakarmu kuwa, cewa tuwo ba haja ba ne, na daɗe ina juya ta don ina ƙaunar maganar. Akwai kyau a garin da baƙo zai sauka a ciyar da shi ba a tambaye shi ko kwabo ba, kuma har gobe akwai ƙauyukan da ake yi. Sai dai wannan tsari na baƙo ɗaya ne ko biyu, wanda dare ya yi masa. Wane zaure ne zai ɗauki mutanen da ke sauka Maigatari ranar Alhamis? Ko a zamanin da ake yabo ɗin ma ba haka kasuwa take ba. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro a zango suke sauka, akwai matan da ke bin ayari suna dafawa suna sayarwa, akwai fatoma mai saukar da baƙin 'yan kasuwa ya ciyar da su, shi ma ba don Allah kaɗai ba, yana da rabonsa a cinikin. Tun da aka fara kasuwa ake sayar da dafaffe. Kakarmu ta faɗi abin da ta gani ne daga cikin gida, ba ta taɓa yini a kara ba.

Kuma da na zauna a lungun nan na ga abin da ya sa na daina raba karamci da ciniki gida biyu. Cikin ɗan zaman da na yi, matar nan ta zuba wa wani mai taɓin hankali tuwo a gwangwaninsa ba tare da ya roƙa ba, da alama kullum ne. Duk kwanon da aka rage ta juye wa almajirai, tana yi tana raba faɗa, tana cewa a bar wa ƙaramin. Wani ɗan dako ya ci ya ce sai yamma, ta ce na makon jiya fa, ya ce duka zai haɗa, ta ce Allah ya sa. Littafin bashinta a kanta yake. Da a ce ba ta karɓar kuɗin masu kuɗi, da wace dawa za ta ciyar da waɗannan? Kuɗin Alhaji mai shanu ne ya biya tuwon mahaukaci da nawa, shi bai ma sani ba. Akushin da kakarmu take faɗa bai ɓace ba, ya tashi ne daga zauren mai unguwa ya koma rumfar matar da mai unguwa ba zai so a gan shi yana gaisawa da ita ba.

Kada kuma in yi abin da na saba, in tashi daga baƙanta mutum in koma wanke shi tas kamar a littafi. Rumfar nan akwai ƙuda. Ruwan da ake ɗauraye kwanuka tun safe ba a sake shi ba, don kowace jarka sai ta saya wurin 'yan ga-ruwa. Matar kuma bakinta ba dama, na ji ta ɗura wa wani yaron mota ashar da sai da na toshe kunne, ko da yake shi ya fara. Ban san tarihinta ba, ban san ko mijinta mutuwa ya yi ko saki ne ko yana gida kwance, ban tambaya ba, kuma na lura ba wanda ya tambayi tarihin mai tsire kafin ya ci tsirensa.

Bashin naira 600 ɗin nan ya fi shekara a wuyana. Na so in aika ta hannun direba, to wa zan ce a kai wa, ban san sunanta ba. Ana nan sojoji suka yi juyin mulki a Nijar cikin Yulin 2023, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Da ma an taɓa rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mutanen bakin iyaka sun san ɗacin abin. Bayan an buɗe da 'yan makonni na sake shiryawa, don ragunan farko sun yi albarka, muka koma ni da Auta. Wannan karon da tsabar kuɗi a jaka.

Rumfar na nan, sai dai tukunya biyu ce a wuta maimakon huɗun da na gani. Na yi sallama na ce, "Inna, kin gane ni?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wallahi 'yar nan ban gane ki ba, fuskokin da yawa." Na ba ta labari. Ta ce oho, lokacin wahalar kuɗi, ai mutane da yawa sun ci a lokacin, wasu sun dawo wasu ba su dawo ba. Na miƙa mata dubu biyu. Ta zare ɗaya ta ba ni canjin 400, ta mayar mini da ɗayar, ta ce abin da aka ci shi ake biya. Na ce ai kaya sun yi tsada tun da aka cire tallafin mai. Ta ce wannan kuma sai ki biya a na yau, don malmalar ta ƙanƙance kuɗinta ya ƙaru. Ta ce watannin da iyaka ke rufe har sai da ta yi tunanin komawa ƙauye, don in baƙi ba su sauko ba wa za ta tuƙa wa.

A hanya na yi wa kaina alkawarin yau a benci zan zauna, kowa ya gan ni. Da na zo na ga mazan sai ƙafata da kanta ta zagaya baya. Ina cikin ci sai 'yarta, wadda ta kawo mini buta wancan karon, yanzu ta zama budurwa, ta zo ta tsugunna tana wanke-wanke kusa da ni. Na hango wani littafin Hausa duk ya sha hayaƙi an soke shi a jikin zana. Na ce na wa ne, ta ce nata ne, in kasuwa ta lafa take dubawa, ta gama firamare. Auta da ke tsaye daga waje da bakinsa da ba ya shiru ya ce, "Ai Yayata ma marubuciya ce." Yarinyar ta saki kwano ta zaro ido ta ce, "Don Allah Anti? Kina da shi a nan? Ki ba ni in karanta wa Innarmu, tana son a riƙa karanta mata da dare."

Akwai kwafi uku a jakata, na ɗauko su ne don wani mai sayar da littattafai a Gumel. Duka ukun na littafin nan na biyu ne. Na ɗora hannu a kan zif ɗin jakar na danne, na ce mata ban taho da ko ɗaya ba, amma in na sake zuwa zan kawo mata wani sabo da nake rubutawa. Ta ce to Anti, Allah ya kawo ki, kada ki manta. Na biya kuɗin tuwo, muka tafi kara neman raguna.